Akwatin ajiyar hotuna ya ɓace a burauza: a buɗe masa ƙofa ta intanet ko a bari?

Mai Studiyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon masana cikin gaggawa. Ina da studiyon ɗaukar hoto da bidiyon biki a nan Kano. Shekara biyu da rabi ke nan duk aikinmu a cikin akwatin ajiya na Synology yake zama, mai cin faifai biyu, kowanne 4TB. Wani yaro da ke aiki da ni ne ya haɗa mana shi, yanzu ya tafi bautar ƙasa can kudu, wayarsa ma ba kullum take shiga ba. Abin da ya koya mini shi ne in buɗe Chrome in rubuta 192.168.0.20:5000, shafi ya fito, in sa suna da kalmar sirri.

Ranar Asabar tsohuwar rautarmu ta ƙone, na sayo sabuwa mai amfani da layin waya. Intanet ya dawo, akwatin kuma ya ɓace. Shafin ba ya buɗewa, foldojin da muke gani a kwamfutoci su ma sun daina buɗewa. Amma fitilunsa suna ci, fanka tana juyawa, in na ɗora hannu ina jin faifan suna motsi. Bikin gida uku ne a ciki ban gama ba, uwar amarya ɗaya ta kira ni sau huɗu yau kan albam.

Tambaya ta biyu, in Allah ya sa an shiga: ina son in riƙa buɗe shafin daga nesa, in na je aiki Zariya ko Katsina. Yaya ake yi?

Injiniya:
Wa alaikumussalam Alhaji. Kwantar da hankalinka, in sha Allahu hotunanka suna nan. Kada ka zare faifai, kada ka danna komai a bayan akwatin tukuna. Zatona yaronka ya kafe wa akwatin adireshi ne, sabuwar rautar kuma da wani jerin lambobi take rabo. A kwamfutar da ke haɗe da sabuwar rautar, buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig, ka turo mana lambar da ke gaban IPv4 da wadda ke gaban Default Gateway.

Mai Studiyo:
Ta farko 192.168.8.103, ta biyu 192.168.8.1.

Injiniya:
To ga matsalar nan. Dubi lamba ta uku: kwamfutarka tana unguwa ta 8, akwatin yana zaune a unguwa ta 0 yana jiran rautar da ta riga ta ƙone. Kebul ɗaya ya haɗa su, amma ba sa jin juna.

Mafi sauƙi shi ne kai ka koma unguwarsa na ɗan lokaci. Shiga saitin katin sadarwar kwamfutar, ka cire zaɓin karɓar adireshi kai tsaye, ka rubuta 192.168.0.50 da hannu, layi na biyu 255.255.255.0. Intanet zai ɗauke a kwamfutar, ba komai. Sai ka buɗe burauza ka rubuta tsohon adireshin yadda ka saba. In ka shiga, je Control Panel, sashen Network, ka mayar da akwatin ya riƙa karɓar adireshi daga rauta. Shafin zai tsinke nan take, haka ya kamata. Mayar da kwamfutar yadda take, ka rubuta find.synology.com, zai nemo maka sabon adireshin.

Daga baya kuma, a shafin rautar ne za ka keɓe wa akwatin lamba ɗaya wadda ba ta canzawa. In aka yi haka, ko an sake canza rauta, akwatin zai bi sabuwar ba tare da ya ɓace ba.

Ɗan Farm Centre:
Injiniya ka ja hanya da nisa. Oga, akwai ɗan rami a bayan akwatin an rubuta RESET. Samu tsinken allura ka danna kamar daƙiƙa huɗu har ya yi ƙara sau ɗaya, ka saki. Saitin adireshin zai koma na farko, kalmar sirrin admin ma haka, hotuna ba abin da zai taɓa su. Minti biyu an gama.

Injiniya:
Gaskiya ne, wannan yana aiki kuma ba ya goge hotuna. Abin da ya sa ban fara da shi ba: in mutum ya saki ya sake dannawa har ya yi ƙara uku, ya faɗa mataki na biyu, wanda ke sa a sake girka manhajar gaba ɗaya, saitunan da yaron ya yi su tafi. Mutumin da uwar amarya ke kira sau huɗu a rana hannunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tunda yana da kalmar sirri, ya bi ta burauza. Ramin nan a bar shi sai ranar da ba wata hanya.

Mai Studiyo:
Alhamdu lillahi! Na bi maganar Injiniya, na shiga. Yanzu yana 192.168.8.110, foldoji sun dawo, yarana sun ci gaba da aiki. Allah ya saka muku da alheri, ya ji ƙan mahaifa.

Amma na ga abubuwa uku da suka ɗaure mini kai. Da na gwada 5001 maimakon 5000, Chrome ya nuna jan gargaɗi cewa haɗin ba amintacce ba ne. Sannan a kusurwar dama ta shafin, inda da nake ganin alama kore, yanzu ruwan lemo ce. Na uku, faifai biyu na saya masu 4TB, amma jimillar da yake nuna mini 3.6 ne ma bai cika ba. Ina sauran?

Malamin Lissafi:
Bari in ɗauki ta ukun, tunda fannina ce. Ba a cuce ka ba Alhaji. Masu ƙera faifai da dubu-dubu suke ƙirga, wato 4TB a wurinsu shi ne bayit 4,000,000,000,000. Ita kwamfuta da 1024 take rabawa. In ka raba waccan lambar da 1024 har sau huɗu, 3.64 za ka samu, sannan manhajar akwatin ta yanki ɗan nata wurin zama. Shi kuma faifai na biyun ba ƙari ba ne, madubin na farko ne. Duk abin da aka rubuta a wannan, ana rubuta shi a wancan lokaci guda, don in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe. Yaronka ya yi daidai a nan.

Injiniya:
Jan gargaɗin Chrome ba abin tsoro ba ne a cikin shagonka. Lambar da ke ƙarshen adireshin ita ce ƙofar da ake bi a shiga akwatin. Ƙofa ta 5001 tana lulluɓe abin da ke wucewa tsakaninka da akwatin, ta 5000 kuwa a buɗe take tura kalmar sirrinka. Takardar shaidar da akwatin ke nunawa shi ya sa wa kansa hannu, Chrome bai san wanda ya tsaya masa ba, shi ya sa yake ƙorafi. Ka wuce gargaɗin, ka riƙa amfani da 5001.

Alamar ruwan lemon ce ta fi damuna. Buɗe Storage Manager, ka shiga inda aka jera faifan, ka duba lafiyar kowanne. Karanto mana abin da ka gani.

Mai Studiyo:
Na ɗaya lafiya. Na biyu an sa masa gargaɗi. A cikin jadawalin akwai layin Reallocated Sector Count da 312 a gabansa, da Current Pending Sector da 16. Na duba tarihin saƙonni, ashe tun wata biyar da suka wuce yake faɗa. Ni kuwa rabona da buɗe shafin nan ya fi haka, tunda foldojin suna buɗewa a kwamfuta ban ga dalilin shiga ba.

Injiniya:
Na farkon yana nufin gurabe 312 a jikin faifan sun lalace har ya kwashe abin da ke cikinsu ya mayar gurabun ajiya. Na biyun gurabe 16 ne da ya kasa karantawa yanzu haka. Faifan nan yana kan hanya, ranar ce ba a sani ba.

Ina roƙon duk mai irin wannan akwati a zauren nan ya ji wannan. Akwatin ba shi da allo, ba shi da baki. Foldar da kake gani a kwamfuta za ta ci gaba da buɗewa lafiya lau har ranar da faifai na biyu zai bi na farko. Shafin burauzan nan ne kaɗai wurin da yake gaya maka ciwonsa. In ba za ka riƙa leƙawa duk mako ba, shiga sashen Notification ka sa masa imel ɗinka, ka danna gwaji ka tabbatar saƙon ya iso wayarka.

Ɗan Farm Centre:
A kan faifai ba ni da ja. Mu koma tambayarsa ta biyu, wadda aka tsallake. Oga, shiga daga nesa ba wuya. A shafin rauta ka tura ƙofa ta 5001 zuwa adireshin akwatin, ka yi rajistar sunan DDNS na kyauta a cikin Control Panel, wato suna mai bin adireshinka na waje ko ya canza, ka karɓi takardar shaida ta Let's Encrypt, wadda ke sabunta kanta kafin kwana 90 ɗinta su cika. Daga nan ko kana Makka ka rubuta sunan, shafinka zai fito, jan gargaɗin ma ya tafi. Na yi wa shaguna da ofisoshi da dama haka, ban ji wanda ya yi kuka ba.

Injiniya:
A nan kam ba na tare da kai, ɗan'uwa, kuma ba zan sassauta ba. Shafin da kake cewa a fitar titi shi ne wanda ake goge faifai da shi, ake ƙirƙirar asusu da shi, ake kashe kwafi da shi. Ba hasashe nake yi ba, an sha gani. A 2014 wata muguwar manhaja mai suna SynoLocker ta kulle fayilolin masu Synology da suka bar tsohuwar manhaja a buɗe ga intanet. A watan Afrilun 2021 wata mai suna Qlocker ta bi akwatunan kamfanin QNAP tana cusa fayilolin mutane cikin 7-Zip mai kalmar sirri. A watan Yunin shekarar masu My Book Live na Western Digital suka wayi gari an share musu komai daga nesa, na'urar da rabonta da sabuntawa tun 2015. A Janairun 2022 kuma DeadBolt ta zo: mutum ya buɗe burauza zai shiga akwatinsa na QNAP, maimakon wurin sa suna sai ya tarar da baƙin shafi ana neman fansar 0.03 na bitcoin. Da yawa daga cikin waɗannan ba kalmar sirrinsu aka sata ba. Ɓaraka aka samu a manhajar, ƙofar kuma tana kallon titi.

Ɗan Farm Centre:
Duk na san waɗannan. Amma Injiniya, mu faɗi gaskiya, wane mai kutse ne zai bar bankunan Turai ya zo neman hoton kamu da na ɗaurin aure a Kano? Sannan ku masu aikin manyan kamfanoni ba ku san halin kwastoma ba. Ka ce wa ɗan kasuwa sai ya kunna VPN, wato manhajar da ke shigar da shi shago ta ɓoyayyiyar hanya, kafin ya ga fayil ɗinsa, gobe ya manta, ya kira ka ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya ce abin da ka haɗa masa ya lalace. Ni nake shan wannan kiran. In aka sa kalmar sirri mai ƙarfi, aka kunna tabbaci mai mataki biyu, aka kunna Auto Block mai toshe wanda ya yi ta gwada kalmar sirri yana kuskure, aka bar sabuntawa tana tafiya da kanta, ina laifin?

Maman Ilham:
Ku ba ni dama in sa baki, duk da ni ba injiniya ba ce. Ni ke riƙe da rajistar wata makaranta mai zaman kanta a Kaduna, sakamakon jarrabawa da takardun kuɗin makaranta duk a irin akwatin nan suke. Wanda ya haɗa mana ya buɗe ƙofar kamar yadda Ɗan Farm Centre ya kwatanta, don shugabar makaranta ta riƙa dubawa daga gida. Wata rana ina neman wani abu daban na faɗa Log Center. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Layi bayan layi, an gwada shiga da sunan admin an kasa, ƙarfe biyu na dare, biyu da minti ɗaya, biyu da minti uku, daga adireshin da ban san ko na wace ƙasa ba ne. Na yi ta jan shafin ƙasa bai ƙare ba. Makarantarmu ko a unguwar ba kowa ya san ta ba, Malam. Ba mu suka sani ba, ƙofa suka gani a buɗe.

Injiniya:
Hajiya ta gama magana. Ba mutum ne ke zaune yana zaɓen wanda zai cuta ba, manhaja ce ke bin adireshin duniya ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasa 5000 da 5001 da 8080. Kuma ka duba abin da ke cikin akwatin Alhaji: hotunan matan mutane ne a cikin gida, ranar lalle, ranar kamu, waɗanda wasu mazajen ko a albam ba sa son baƙo ya gani. Amana ce aka ba shi. In suka fita, ba kuɗi kaɗai zai rasa ba.

Matakan da ka lissafa duk masu kyau ne, ni ma zan sa shi ya yi su. Amma suna tsare wanda ya zo ta wurin sa kalmar sirri ne. Ranar da aka gano ɓaraka a manhajar kanta, kafin gyara ya fito ka girka, ba abin da za su hana.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum, ina biye da ku daga Zinder. Kafin gardamar ta yi nisa, Alhaji ya ce rautarsa mai layin waya ce. Alhaji, shiga 192.168.8.1 ka dubi adireshin da kamfanin waya ya ba rautar, na ɓangaren WAN. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to ba naka ba ne kai kaɗai. Kamfanin ya tara ku da yawa a bayan adireshi ɗaya na waje, abin da ake kira CGNAT. A wannan hali ko ka tura ƙofa ɗari, wanda ke waje ba zai iso ka ba. Mu nan haka muke fama, na ɓata kwana biyu a kan wannan kafin in gane.

Mai Studiyo:
Ya fara da 100.72.

Ɗan Damagaram:
To shi ke nan, hanyar tura ƙofa ta rufe da kanta. Abin da nake amfani da shi Tailscale ne. Akwai shi a Package Center na akwatin, ka girka, ka girka a wayarka da laftof ɗinka, ka shiga da asusu ɗaya a dukkansu. Zai ba akwatin wani adireshi da na'urorinka kaɗai ke gani. Kana Katsina ka rubuta wannan adireshin da 5001 a burauza, shafin ya fito kamar kana shago. Wani nau'in VPN ne, ba ya buƙatar a buɗe komai a rauta, kuma yana ratsa CGNAT. Maganar mantawa da ɗan'uwa ya yi, a waya sau ɗaya ake kunna shi a bar shi.

Ɗan Farm Centre:
Na karɓi maganar CGNAT, ban lura da irin rautar ba. Amma ban janye duka ba. Shi Alhaji zai iya da Tailscale, to kwastomansa fa? In yana son ya tura wa ango mahaɗin da zai sauke hotunansa, zai ce ango ya girka manhaja ne? Dole a koma QuickConnect, wanda ke bi ta sabar Synology. Shi ma ai ƙofa ce, Injiniya, sai dai ba ka kira ta da sunanta ba.

Injiniya:
Ƙofa ce, ban musa ba. Bambancin shi ne a saitin QuickConnect akwai wurin zaɓar abin da zai wuce ta cikinsa. Ya bar raba fayil, ya cire alamar da ke kan DSM, wato shafin gudanarwar. Ango ya sauke hotonsa ta mahaɗi mai kalmar sirri da ranar ƙarewa, shafin da ake mulkin akwatin da shi kuma ya tsaya a cikin gida da Tailscale. Ni iyakar abin da nake karewa ke nan. Kuma ya leƙa rautar ya kashe UPnP, don kada wata na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa ba da saninsa ba ranar da ya koma layin da ke da adireshin waje.

Ɗan Farm Centre:
A haka za mu iya zama inuwa ɗaya. Amma ga ofishin da ke da adireshinsa na waje da mai kula da shi kullum, har gobe ina ganin hanyata tana da wurinta.

Malamin Lissafi:
Alhaji, kada ka sa ran tura ɗanyen aiki daga wurin biki zuwa shago ta wannan hanya. A ce bidiyon biki ɗaya 60GB ne, layinka kuma yana turawa da megabit 5 a daƙiƙa. Wannan daƙiƙa 96,000 ke nan, kusan awa 27, ban da kuɗin data. A cikin shago ta kebul mai gigabit, inda ake samun kamar 110MB a daƙiƙa, minti tara zuwa goma ne. Shiga daga nesa na duba lafiyar akwati ne da ɗauko hoto ɗaya biyu.

Maman Ilham:
Akwai abin da ban ji an tambaya ba. Alhaji, yaran shagonka da wane suna suke shiga foldojin?

Mai Studiyo:
Da wanda nake shiga, Hajiya. Suna ɗaya ne, admin, kalmar sirrin tana rubuce a bangon rajistar shago. Mu biyar ne har da mai koyon aiki.

Maman Ilham:
To wannan ya fi kusa da kai fiye da masu kutsen waje. Mu abin da ya same mu ke nan. Wani ma'aikacinmu, ba da mugunta ba, yana share tsofaffin fayiloli ya haɗa da foldar sakamakon zango na biyu gaba ɗaya. Na ce ai faifai biyu ne, a ɗauko daga ɗayan. Aka ce mini madubi ne, abin da aka goge a nan an goge a can a daƙiƙa ɗaya. Kwandon shara na foldar kuma ba a taɓa kunna shi ba. Mako biyu malamai suna sake shigar da maki daga takardun jarrabawa, wata malama da jaririnta a baya har magariba. Tun ranar na zauna na koyi shafin nan da kaina. Kowa na buɗe masa asusunsa. Malamai suna rubutu a foldar ajinsu kaɗai, ta kuɗi mutum biyu ke ganinta, kuma ba mai iya share kwandon shara sai ni.

Injiniya:
Haka za ka yi, Alhaji, kuma ga yadda za ka jera aikin, don jerin yana da muhimmanci. Yau ɗin nan, kafin komai, samo faifan waje na USB ka soka a bayan akwatin, ka yi kwafi da Hyper Backup, ka fara da bikin ukun da ba ka gama ba. Kada ka canza faifai mai ciwo kafin kwafin ya kammala. Dalili: in ka sa sabo, akwatin zai karanta tsohon mai lafiyar daga farko har ƙarshe don ya cika sabon, awanni da yawa ba hutawa. Su biyun rana ɗaya aka saye su, zafi ɗaya suka sha. In na ɗayan zai ba da kai, a lokacin ne.

Bayan kwafi, ƙirƙiri sabon asusun gudanarwa da wani suna, ka shiga da shi, ka kashe admin. DSM 7, wanda ya fito a 2021, da kansa yake matsa wa mutum ya yi haka. Sa masa tabbaci mai mataki biyu. Yara kowa da nasa asusun marar ikon gudanarwa. Kunna kwandon shara a kowace folda. In faifanka a tsarin ajiyar fayil mai suna Btrfs suke, girka Snapshot Replication ya riƙa ɗaukar hoton foldojin kowane dare, wannan ko an goge ko an lalata fayil kana iya komawa jiya.

Wajen sayen faifai, ka tambayi mai CMR, don salon rubutu a jikin faifai iri biyu ne, CMR da SMR. A 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano wasu WD Red masu 2TB zuwa 6TB na SMR ne, waɗanda ke jan ƙafa sosai wajen irin wannan sake ginin. Daga baya kamfanin ya ware masu CMR da sunan Red Plus. Shi ko IronWolf na Seagate, kuma kada ya gaza 4TB.

Mai Tsohuwar Kwamfuta:
Ni da za a bi tawa, da an huta da sayen akwati mai tsada. Tsohuwar kwamfuta mai RAM 8GB, a sa mata TrueNAS, wanda da ake kira FreeNAS, ko OpenMediaVault. Duk ta burauza ake sarrafa su, kuma ZFS, tsarin ajiyar fayil na TrueNAS, yana gano fayil ɗin da ya ruɓe a ɓoye.

Ɗan Damagaram:
Suna da kyau, amma Alhaji yana da akwati a hannu, ga faifai na ciwo, ba yau ce ranar ƙaura ba. Kuma mu masu sola muna lissafin wuta: akwati mai faifai biyu bai kai cin tsohuwar kwamfutar tebur ba ko kusa.

Wutar ma ita ce abin da nake son in ƙara. Alhaji, in an ɗauke wuta kafin a tada janareta, me ke riƙe akwatin?

Mai Studiyo:
Ba komai. Yana mutuwa, in wuta ta dawo yaro ya danna ya tashi. Wani lokaci sau uku a rana.

Ɗan Damagaram:
To ruwa ba ya tsami banza. Faifai yana tsakiyar rubutu a yanke masa wuta sau uku a rana, shekara biyu da rabi. Nemi UPS mai ramin USB, ba wanda ke da soket kaɗai ba. Haɗa kebul ɗin da akwatin, ka shiga Hardware & Power ka kunna sashen UPS. In wuta ta ɗauke, akwatin zai sani, ya jira mintunan da ka sa masa, ya rufe faifansa cikin natsuwa kafin batir ya ƙare. A wurin kuma akwai zaɓin ya tashi da kansa in wuta ta dawo. Rautar ma ka sa ta a kan UPS ɗin. Kuma kada a fara gyaran madubin sai an tabbatar da man janareta na yini guda.

Sai zafi. A shafin faifan nan da ka buɗe akwai ma'aunin zafin kowanne. Irin waɗannan akwatuna an yi su ne don ɗakin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu inuwa ma tana wuce haka. Nawa na ɗauke shi daga cikin kabad na ɗora a kan tebur inda iska ke ratsawa, na sa fankarsa a mataki mai sanyaya, sai ga lambar ta sauko. Bayan hunturu kuma ka kashe shi ka buɗe, za ka ga ƙurar da ta toshe bayan fankar kamar auduga.

Mai Studiyo:
Nawa yana ƙarƙashin teburin firinta, a jikin bango. Yanzu na duba, na ɗaya 51, na biyu 53. Zan fito da shi yau.

Mai Studiyo:
'Yan'uwa, na dawo da bayani bayan kwana huɗu. Kwafin ya ɗauki dare biyu, na buɗe hotuna daga cikinsa na tabbatar suna buɗewa, faifan wajen kuma na tafi da shi gida. Albam ɗin uwar amarya ya fita jiya. Na kashe admin, yara huɗu kowa da asusunsa, na yage bangon rajistar da ke da kalmar sirri. Mai koyon aiki karatu kaɗai na ba shi. Tailscale yana aiki, daren jiya daga gida na buɗe shafin a waya. QuickConnect ban kunna ba tukuna, sai na zauna da Injiniya. UPS ya iso, na zare filogi da gangan na ga saƙon ya shigo imel ɗina. Akwatin yana kan shiryayye kusa da taga, zafin ya sauko 43.

Da safen nan na kashe shi, na zare faifai na biyu, na sa sabon IronWolf. Da ya tashi ya yi ta ƙara har sai da na shiga Storage Manager na danna Repair. Yanzu awa uku ke nan yana kan kashi 34 cikin ɗari. Yara za su iya ci gaba da aiki a kansa, ko su jira?

Injiniya:
Za su iya buɗe hoto su duba, amma kada a loda masa bidiyon biki sai ya kai ɗari, don kada a ƙara wa tsohon faifan nauyi. In ya gama, sa wa faifai na ɗaya dogon gwajin lafiyar faifai, wato SMART, cikin dare, ka turo mana lambobin layukan nan biyu da safe. Tsohon da ka cire kuma kada ka sayar, kada ka ba yaro, hotunan mutane suna cikinsa. Kulle shi a durowa, in ka shigo wajenmu ka taho da shi mu goge shi.